Wasiƙar da Ƙamus Ya Gyara

"Wannan ba Turanci ba ne, cin mutuncin Turanci ne," in ji Ƙamus. Ya ja jan biro a kan layin farko har takardar ta kusa hujewa.

Maman Biyu ta gyara zama a bakin kujera, ta saci kallon agogon bango. Goma da rabi. Ƙarfe biyu za a rufe karɓar takardun koke a asibitin da take aikin wanki, kuma duk wanda bai kai tasa ba, dakatarwar da aka yi masa ta zama kora. Shekara goma sha ɗaya tana wanke zannuwan gadon marasa lafiya. Kwana tara kacal ta yi fashi, su ma jinyar mahaifiyarta ta yi har rai ya yi halinsa. Abin da ta rubuta ke nan, layi bakwai, da ɗan Turancinta na firamare. Mijinta ne ya ce kada ta kuskura ta miƙa sai yayansa ya duba.

Yayan nan kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Tsohon malamin makaranta ne, tun da ya yi ritaya ba shi da sana'a sai farautar kuskure. Allon shago, takardar magani, katin gayyata, babu wanda ya tsira. An ce ranar da ɗansa ya turo saƙo cewa ya yi hatsarin mota, sai da ya mayar masa da gyaran kalma biyu kafin ya tambayi wane asibiti aka kai shi. Yaro da babba Ƙamus suke ce masa, shi kuma ya amsa da fara'a, a zatonsa yabo ne.

"Yaya, ni dai a duba mini inda na yi kuskuren harafi, in kama hanya," ta ce.

"Harafi? Ana ta kai, wa yake ta kaya? Ƙanwata, jimla huɗu kika fara da kalma ɗaya. Kin sa aya inda waƙafi ya kamata. Sannan wannan, wai uwarki ta mutu, haka nan tsirara? Haka ake yi wa manya magana?"

"To ai mutuwar ta yi, Yaya."

"A Hausa ta mutu. A Turancin ofis, wasu al'amura ne na iyali suka taso waɗanda suka fi ƙarfin ɗan Adam."

Ranakun da ta lissafa da lambar gadon da aka kwantar da tsohuwar, duk ya soke su. Wai lambobi suna zubar wa wasiƙa da kwarjini, ai ba rasit ake rubutawa ba. Daga nan ya dunƙule takardarta ya jefa a kwandon shara, ya ɗauko sabuwa, ya gyara tabarau. Kalma ɗaya sai da ya buɗe mata littafi uku, wai yana son tabbatar da ko harafin tsakiyarta ninki ne.

Sha biyu ta gota, matarsa ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Malam, har yanzu naƙudar ake yi? Baiwar Allahn nan fa aikinta ne a kan siraɗi."

"Abin da ba ki sani ba ki bar wa masu shi," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Da ya gama, shafi biyu cif, sai ya miƙe tsaye, ya sa hannu ɗaya a baya, ya karanta wa bango da murya irin ta mai labarai. Maman Biyu ta kasa kunne iya ƙarfinta. Ban da sunanta, babu abin da ta tsinta. Duk da haka ta ji wani sanyi a ranta, don ta ɗauka abin da ya gagare ta fahimta dole ya girgiza manya. Ta durƙusa ta yi godiya.

Bas ɗin da ta hau ta tsaya a kowace kwana kamar da gayya. Biyu saura kwata ta faɗa ofishin sakataren kwamitin da ke duba koke tana haki. Mutum ne siriri mai furfura, fayil sun kusa binne teburinsa. Ya karanta layin farko, sai ya kife takardar, ya rufe ido, ya zubo layi na biyu da na uku da ka.

Ta matso kusa da teburin. "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganinta ne?"

"Ƙamus ne, ko?" Ya jawo wani fayil, ya zaro wasiƙu uku ya jera mata. "Wannan ta direba ce, wannan ta mai gadi, wannan ta kuku. Suna kawai yake canzawa. Na haddace ta kamar karatun allo."

"Me aka yi musu?"

"Suna gida. Kwamiti ya karanta shafi biyu bai ga dalili ko ɗaya ba. Shugaba ya ce mai hujja ba ya yawo haka. Ke me ya hana ki zuwa aiki?"

Ta gaya masa, da ranakun, da lambar gadon.

"Allah ya jiƙanta," ya ce. Ya ɗaga wasiƙar. "To ina take a nan?"

Babu ita. An share tsohuwa tas, kamar ba a taɓa yin ta ba. Kunya ta fara kama Maman Biyu, sannan haushi ya ture kunyar. Awa biyu da rabi tana zaune kamar mai neman gafara, har da durƙuso!

Sakatare ya mayar mata da wasiƙar, ya turo mata farar takarda da biro. "Saura minti goma. Rubuta abin da kika gaya mini."

"Turancina karyayye ne, ranka ya daɗe."

"Mu ma da karyayyen muke cin abinci. Yi sauri."

Ta zauna a bencin da ke bakin ƙofa. Katakon duk ya farfashe, biro na neman huda takardar. Tana layi na biyu wayarta ta yi ƙara.

"Ƙanwata, kada ki miƙa tukuna!" Muryar Ƙamus ce, hankali a tashe. "Na tuna, sakin layi na uku, na manta waƙafi guda. Kada a ce daga hannuna ta fito a haka."

"To, Yaya. Ga ta nan a hannuna, tana yi mini amfani ma. Allah ya ƙara ilimi."

Ta kashe wayar. Ta ninke shafi biyun nan gida biyu, ta shimfiɗa su a ƙarƙashin takardarta. Yanzu biro na tafiya sumul. Ta ci gaba da rubutu.