Sunan Dokta Monica a Ƙarshen Layi

Masu bincike sun san Dokta Monica Yamusa. Daga Ghana har Indiya ana kafa hujja da aikinta a kan cutar sikila, duk mai rubutu a fannin sai ya ambace ta. Amma wannan bai taɓa burge mahaifinta ba. Baba Yamusa manomin doya ne a wani ƙauye kusa da Bwari, kuma tun tana firamare tambayarsa ɗaya ce: ta nawa kika zo?

Ranar Asabar ta kai masa sabuwar takardar bincikensu da ta fito. Mace har da furfura, ɗalibai na shakkarta, amma har yanzu "madalla" ɗin tsohon nan take nema.

Ya sa tabarau, ya bi sunayen marubutan da yatsa. Wata Kauthar ce a gaba, sai mutanen Accra, sai na Nairobi, har da wani farfesa. Yatsa na tafiya, fuska na ɗaurewa.

"Monica, ke ce na ƙarshe? Waye ya tura ki baya? Oga ɗinki? Monday zan je office ɗin."

Ta san zai je ɗin kuwa, da hularsa ta zuwa coci. Ta lallaɓa ta yi masa bayani: a aikinsu, wanda ya sha wahalar gwaje-gwaje shi ake sawa farko. Shugaban aikin kuwa, wanda ya kawo tunanin ya haɗa mutanen, a ƙarshe yake zama. Karon farko ke nan da ta samu wannan wurin, bayan shekara da shekaru tana jira.

Bai yarda ba. Ya ce tun tana ƙarama ta iya gyara zance idan sakamako ya ɓaci.

Sai ta kira Kauthar, ɗalibarta, ta miƙa masa wayar.

"Ina wuni, Baba. Wallahi Dokta ce ta sa ni a gaba. Ita ta koya mini aikin, ita ta nemo mutanen Ghana. Da wannan paper ɗin ma na samu admission na PhD."

Tsoho ya mayar wa Monica wayar, ya dube ta yana juya takardar.

"To duk waɗannan, ke kika jera su?"

"Ni ce, Baba."

"Har da farfesan nan?"

"Har da shi."

Ya cire tabarau ya goge ido, wai hayaƙin murhu ne. Daɗi ya cika Monica. Shi kuwa ya miƙe, ya leƙa ta saman katanga ya kira maƙwabcinsa.

"David, zo ka gani. Yarinyata ya zo na ƙarshe."

"Ayya, sannu," in ji David cikin tausayi. "Allah ya gyara gaba."

"Sannun me? Ɗauko kujera ka zo in koya maka."