Baranda Mai Fararen Ginshiƙai

Tun ranar Lahadin da aka yi sanarwar a coci na kasa zaune na kasa tsaye. Wai matasan ɗakin karatu za su shimfiɗa taswirar tsohuwar unguwarmu a zauren cocin ran Asabar, duk wanda iyayensa suka zauna a wajajen titin Hastings na birnin Detroit kafin a rushe shi, ya zo da hoto ya ajiye daidai inda gidansu yake. Ni kuwa ina da hoto. Shi ne abin da baƙo ke fara gani in ya shigo falona a Southfield, can gefen Detroit: Baba da kwat da hula, Mama da farar safar hannu, yayata Verlene ta ɓata rai, ni kuma ina kan cinyar Mama cikin 'yar rigar matuƙan jirgin ruwa. Dukanmu muna barandar wani gidan jan bulo mai fararen ginshiƙai biyu.

Abin da ban sani ba shi ne inda gidan yake. Ban daɗe da yaye ba aka tashe mu, aka haƙa wannan ƙaton ramin, aka shimfiɗa babbar hanyar da motoci ke gudu a cikinsa. Na tuƙa bas a Detroit har gwiwoyina suka ce sun gaji, na bi ta kan gadojin nan ba adadi, amma ban taɓa iya nuna wuri in ce nan aka haife ni ba. Mama da Baba sun rasu. Verlene kaɗai ta rage, ita ma 'yarta za ta zo ta kwashe ta zuwa Atlanta washegarin taron, tafiyar da duk mun san ba ta dawowa ba ce. In ba ta nuna mini ran Asabar ba, shi ke nan.

Na kira ta a waya.

"Yaya, ran Asabar zan zo in ɗauke ki."

"Ka ɗauke ni zuwa ina? Lemuel, ko rabin kayana ban ɗaure ba."

"Ni zan ɗaure miki."

"Kai? Kai da ka fasa mini tangaran ɗin Mama? Don Allah bar ni in ji da ciwon ƙafata."

"Jiya da ƙafar kika je kasuwa."

"To yau ta tashi. Kai dai auta, tsufa bai rage maka naci ba."

Ta kashe wayar. Haka take yi mini tun ina yaro. Da na tambayi gidan nan sai ta tuna ta bar wake a wuta.

Satin nan ban bar kowa ya huta ba. Na goge gilashin hoton, na sake gogewa. Na ɗauki mota na je na tsaya a kan gada ina leƙen ramin, manyan motoci na wucewa a ƙarƙashina har ƙarfen gadar na rawa. Gefe guda filin ajiye motoci ne fetal, ɗaya gefen kuma sababbin gidajen bene masu gilashi, irin waɗanda yaran da ke yawo da karnuka suke haya. Ko bishiya ɗaya ba a bari ba da mutum zai yi kwatance da ita. Na dawo gida a fusace na ɗauko fenti.

Don ni ma ina da ginshiƙai. Lokacin da Turawa suka fara yarda su sayar wa irinmu baƙaƙen fata gida a Southfield, wanda muka samu ba shi da baranda, sai wani ɗan dakalin siminti. Da hannuna na kafa fararen ginshiƙai biyu, ina duba hoton ina aunawa. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai ɗan gida kamar akwati ya yi ƙofar kotu. Ban kula su ba. An ƙwace mana na farko, na ce sai na mayar da shi.

Matata Corinne ta leƙo ta taga. "Malam, bara ka yi musu fenti fa. Ko gwamna ne zai zo?"

Ran Asabar na tarar da Verlene ta shirya, ta rungume jaka kamar za a kai ta asibiti. A hanya ta ce mu tsaya kantin magani. Muka tsaya. Ta ce tana sha'awar soyayyen kifi. Na ce kifin zai jira. Ta ce ta manta ko ta kulle ƙofa. Na ce na kulle da kaina. Daga nan ta juya tana kallon taga, ni kuma ina ta buga sitiyari da yatsa a kowace danja.

Zauren ya cika da tsofaffi, ga sanduna ga kekunan guragu, ga ƙamshin kofi. Taswirar na shimfiɗe a ƙasa, ta rufe tsakiyar ɗakin. A bango kuma an jera hotunan da ma'aikatan birni suka ɗauka kafin rusau, gida bayan gida, titi bayan titi, a gaban kowane gida wani mutum ya riƙe allo mai lamba. Na bar Verlene a kujera na bi bangon da sauri, hotona a hammata. Shagon aski, gidan rawa, kantin Bayahude mai gyaran takalma, coci, wani cocin. Sai ga shi. Jan bulo, matakala ta dutse, ginshiƙai biyu.

Na karanta lambar, na juya kan taswira ina nema. Da na isa wurin sai na tarar an riga ni. Hotuna ne a tare, sun kai goma. Na sunkuya. Wata mata da 'yan biyu a barandarmu. Wani soja da amaryarsa a barandarmu. Wani ƙato da 'ya'ya reras, ya dafa ginshiƙinmu kamar shi ya sassaƙa shi.

Wata tsohuwa a keken guragu tana miƙa nata a ajiye mata. Na ce, "Baiwar Allah, an yi kuskure. Nan gidanmu ne."

Ta sauke tabarau ta dube ni sama da ƙasa. "Gidanku? Kai ɗan gidan wa ne?"

"Tolliver."

"Tolliver na lungu?" Ta karɓe hoton daga hannuna, ta duba, sai ta fashe da dariya har da tari. "Hosea! Hosea, zo ka ga magajin Pettiway! Ashe mai gawa ya bar ɗa ba mu sani ba!"

Wani dogon tsoho ya jawo ƙafa ya zo, ya leƙa, shi ma ya kama. "Kai, ɗan'uwa, ai sai ka bi layi. Mu ma duk gidanmu ne, na minti biyar."

"Ban gane ba," na ce. Raina ya riga ya fara ɓaci.

"Gidan Pettiway ne, mai shirya jana'iza," in ji tsohuwar tana share hawaye. "Shi ne gida mafi kyau a layin. Duk wanda ya sauka daga jihohin Kudu irin su Alabama, da ya kama albashin farko sai ya nemo kwat, ko da aro ne. Ran Lahadi ana tashi daga coci sai barandar Pettiway, mai hoto na nan yana jira. A ɗauka, a aika gida, a ga an samu wuri."

"Pettiway ba ya hanawa," in ji Hosea. "Cewa yake ku hau, ai ko ba daɗe duk nan za ku dawo. Rabin Alabama sun ɗauka ɗan'uwansu ne mai gidan nan. Kawuna saboda hoton nan ya sayar da alfadarinsa ya taso, ya zo ya same mu a ɗaki ɗaya, har da mai kwana a ƙarƙashin tebur. Bai yi wa babana magana ba sai da aka yi Kirsimeti."

Suka sake kwashewa da dariya. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ginshiƙaina nake tunawa, da fentin da ko bushewa bai gama yi ba. Kunya ta koma fushi, na juya neman Verlene. Kujerar ba kowa.

Can ƙarshen bangon na same ta, inda hotunan suka ƙanƙance, ba mai tsayawa.

"Kin sani," na ce. "Shekara da shekaru kina zuwa gidana, kina zama a barandar nan kina shan shayi, kina kallona ina wautata."

"Rage murya, a coci kake."

"Ba zan rage ba! Gobe za ki tafi. Da haka za ki bar ni?"

Ta ɗaga sandarta ta nuna wani hoto. Lungu ne mai taɓo. Wata tsohuwar bargar dawakai ta katako, an yi mata ɗaki a sama, matakalar ta karkace ta jingina da bango. Mutumin mai allo ya tsaya nesa-nesa, yana kare takalminsa. Daga tagar saman an ja igiyar shanya zuwa wani turke.

"Duba igiyar," ta ce.

Na matsa. Wandon aikin Baba. Zanen gado. A ƙarshe, an maƙale ta da kyau ta kafaɗu, 'yar rigar matuƙan jirgin ruwa.

"Ta ɗan matar fasto ce," in ji Verlene. "Mama ta wanke za ta mayar. Nan aka haife ka, a bayan tagar nan, ni na riƙe fitila. Da sanyi ruwa kan daskare a bokiti. Ni ke kwana da sanda ina korar ɓeraye daga kan gadonka." Ta juyo ta dube ni. "Da muka tashi, ka fara wayo, kullum sai ka nuna hoton ka ce gidanmu. Ran nan na buɗe baki zan gyara maka, Mama ta make ni. Ta ce mu uku mun san lungun nan, ya ishe mu. A bar wa auta baranda."

Na daɗe ina kallon rigar. Fushin ya tsiyaye, wani abu mai nauyi ya zauna a wurinsa. Tausayin Mama ne ya kama ni, da na yarinyar da ke riƙe da sanda a cikin duhu, wadda ga ta yanzu a gefena da wata sandar.

Muka koma kan taswira. Ba a zana lungun ba, fili ne fari a bayan gidan Pettiway. Verlene ta taka a hankali, ta dubi titin, ta dubi cocin, ta dasa sandarta.

"Nan."

Wata yarinya daga cikin masu shirya taron ta ciro hoton lungun ta ajiye a wurin, ta tambayi sunan da za ta rubuta. Na faɗa mata, na sa ta ƙara girman haruffan. Na tsaya a kan farar takardar nan da ƙafafuna biyu, ban motsa ba sai da Hosea ya ce in ba mutane hanya. Hotona kuwa na mayar da shi hammata.

Muka shiga mota. Da muka kusa kwanar gidanta ta ce, "Wuce. Kai ni gidanka."

Ta hau matakalar da ƙyar, ta ƙi in riƙe ta. Ta ja kujera tsakanin ginshiƙan, ta gyara hula, ta ɓoye sandar a bayanta. Corinne ta fito tana tambayar ko lafiya.

"Ɗauko wayarki ki ɗauke mu," in ji Verlene. "Zo nan, auta, tsaya a gefena. Kar ka jingina, fentin bai bushe ba."

Na tsaya. Ta kamo hannuna ta riƙe gam.

"Zan nuna musu a Atlanta," ta ce. "In ce ga gidanmu. Wannan karon ba wanda ke jira mu sauka."