Kwamfaila Ta Ƙi Aro Biyu

Ranar Litinin kwamfaila ta ƙi rubutuna. Ita ce manhajar da ke juya abin da muka rubuta zuwa yaren na'ura, kuma ba ta san kara ba. Ta tsaya a layi na arba'in da biyu, ta ce na ba da aron abu ɗaya sau biyu.

Aikin na firjin ajiye magani ne. Na'ura tana auna sanyi, tana zuba awon a jeri. Na rubuta ɗan guntun aiki irin wanda muke kira kulosha, mai riƙe abin da ya tarar kusa da shi ya tafi da shi. Nawa ya riƙe jerin don ya riƙa ƙara sabon awo. A lokaci guda wani sashe yana karanta jerin, don ya kaɗa ƙararrawa in zafi ya hau. Dokar kwamfaila kuwa ita ce: masu karantawa ko ɗari ne su ara, amma mai canzawa shi kaɗai yake ara.

Watana na uku ke nan na gwaji a ofishin, ɗaki ɗaya a saman shagon faci, fanka ɗaya, tebur biyar. Manaja ya ce in aikin bai tashi ranar Juma'a ba, ba sai na dawo ba.

Dogo, wanda teburinsa ke jikin nawa, ya leƙo.

"Hajiya Digiri, akwai kalmar da ke sa kwamfaila ta kau da ido fa. Rubuta ki huta."

"Ban yi shekara huɗu a jami'a don in rufe wa mai gadi ido ba."

"Mai gadin zai ba ki aiki ne?"

Na koma kan allona. Talata na yi wa mai karantawa kwafen jerin. Kwamfaila ta yarda. Na tsoma ma'aunin sanyin a kofin shayina, ƙararrawa ta yi shiru: tsohon kwafe take dubawa. Na goge.

Laraba, da abokan aiki suka fita cin abinci, na gwada hanyar Dogo. Ta yi aiki har awo dubu da ɗoriya. Daga nan jerin ya cika, na'ura ta mayar da shi wuri mafi faɗi, mai karantawa ya ci gaba da leƙa tsohon gida. Ya ce zafin firji ya kai digiri dubu tara. Da Dogo ya dawo, na juya masa allon. Ya ce, "To, ai ba a kai dubu a gwajin Manaja."

Alhamis na wargaza komai. Na ƙwace jerin daga hannun kulosha, na bar shi da aika awo kawai. Sashe ɗaya ya mallaki jerin, ya rubuta, ya gama, sannan ya karanta. Kwana uku na aiki suka tafi kwandon shara. Wuyana ya sage, ban faɗa wa kowa ba.

Juma'a da hantsi Manaja ya zo, ya damƙe ma'aunin a tafin hannunsa. Ƙararrawa ta kaɗa. Ya saki, ta yi shiru.

"Me ya ɗauke ki kwana biyar?"

"Gyara, ranka ya daɗe."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Bakin nan naki. Litinin ki zo da hoto biyu na katin aiki."

Na ce to, na buɗe aiki na gaba.