Kalandar Marigayi

Sista ta ƙare ƙuruciyarta tana bin gadajen asibiti tana ɗura wa mutane magani a kan lokaci, amma nata na hawan jini sai an bi ta da shi. Mijinta ne mai bin ta. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutum mai jarabar agogo, wanda ko atishawa za ka yi sai ya duba hannunsa.

Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya tsiri latse-latsen waya da yatsa ɗaya, tabarau a kan hanci. Ta yi faɗan har ta gaji. Sai washegarin ranar da aka kai shi makwancinsa, da safe, wayarsa ta yi ƙara a kan durowa. Ta ɗauka ta ga rubutu: “Sarkin mantuwa, sha maganinki. Da ruwa, ba da shayi ba.”

Ashe abin da yake yi ke nan. Ya cika kalandar wayar da saƙonni, wasu na kullum, wasu ya jefa su can gaba. Wata rana ta ce mata gas ya kusa ƙarewa, kuma ya kusa ɗin. Wata rana ta ce, “Ki kira ƙanwarki ko da ke ce da gaskiya.” Sista ta yi wa kanta doka: ba za ta leƙa gaba ba, kowanne ya zo a ranarsa. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko ’ya’yanta. Ta yaya za ta nuna musu inda ubansu ya rubuta, “Yau ki sa koren mayafin nan, kin san dalili”? Haba, da girmanta!

Ana haka wata tsohuwar abokiyar aiki ta turo mata bidiyon maganin ciwon gwiwa ta wayar marigayin, wadda yanzu take hannunta. Ita da ta san ƙarya ce, ta danna. Wani akwati ya fito yana tambayar wani abu da Turanci, ta danna masa “to” don ya ba ta wuri.

Shi ke nan, aka buɗe wa ɓarayi ƙofa. Kalandar ta cika da baƙi. Wayarka ta kamu da cuta, danna nan. Ka ci mota, danna nan. Wata kyakkyawa tana jiranka. Wayar ta koma ƙara ba dare ba rana, kuma da irin ƙarar da marigayin yake kiranta da ita. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Sai ta bar tukunya a kan wuta ta taho da sauri da gwiwar nan tata, ta tarar da mota. Idan ta goge ɗaya, wasu sun tsiro kafin ta ajiye wayar. Saƙon maganin ma sai ta tona shi daga ƙarƙashin shara.

Da tura ta kai bango, ta ɗauki ƙaramar wayarta mai madannai ta kira ’yarta Auta a ofis.

“Mama, ki bari sai Asabar in zo in duba miki,” in ji Auta.

“A’a, faɗa min kawai. Ni da na nemo jijiyar jariri a duhu, waya ce za ta gagare ni?”

Ba wayar take tsoro ba. Idon Auta take tsoro a kan koren mayafi.

Auta ta ja numfashi. Ana jin ana kiranta taro. “To, shiga saiti, ki nemi wajen asusu. Kin gani? Za ki ga sunaye. Wanda ba ki sani ba, wanda ya yi kama da shirme, shi ne na ’yan damfara. Ki goge shi. Mama, sai na kira ki.”

Sunaye biyu ta gani. Ɗaya tsaf da shi, “Muhimman Ranaku”, har da ɗan hoton ƙararrawa, irin sunan da mai tsari zai zaɓa. Ɗayan kuwa tarkacen haruffa ne da lambobi, ba kai ba gindi. Ina za ta san mai shagon da ya sayar wa marigayin wayar ne ya buɗe masa shi a gurguje? Ina za ta san ɓarawo ya fi mai gida iya sa riga?

Ta zaɓi tarkacen, ta danna gogewa. Wayar ta tambaye ta ko ta tabbata.

“Na tabbata, ɗan banza,” ta ce, ta danna da ƙarfi.

Ta je ta wanke hannu, ta zauna tana jin kanta sakayau. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Ta ci mota.

Ta buɗe kalandar. Baƙin suna nan, ko ɗaya bai motsa ba. Ta duba gobe, babu Sarkin mantuwa. Ta karya dokarta ta leƙa wata mai zuwa, da na bayansa, ta yi ta ja da yatsa har shekara ta juya. Babu shi ko’ina. Waɗanda ba ta taɓa karantawa ba, ba ta ma san yawansu ba.

Ranar Asabar Auta ta zo, ta cire asusun ’yan damfarar kafin ta ajiye jaka. Sannan Sista ta faɗa mata, tana kallon bango.

“Wayyo Mama! Me ya sa ba ki faɗa min ba?” Auta ta zauna a bakin gado. “Bari, za a iya dawo da shi. Mene ne lambar sirrin Baba?”

“Ni ina na sani?” in ji Sista.

Auta ta gwada ranar haihuwarsa, ta gwada lambar jirginsa, ta gwada sunayensu duka. Aka ce za a tura lamba ta tsohon layinsa, layin da kamfani ya rufe tuntuni ya sayar wa wani. Ta kira, aka ƙi ɗauka, ta sake kira, aka zage ta. Da za ta tafi, idonta jawur, ta ce, “Na sa miki ƙararrawar magani, Mama. Ba za ki manta ba.”

Da safe wayar ta yi ƙara. Kalma ɗaya ce a fuskarta: “Magani.”

Sista ta haɗa shayi mai kauri, ta jefa ƙwayar a baki, ta kora da shi. Ta riƙe kofin ta zauna tana jira. Ba wanda ya ce mata komai.