Lagireton Kawu Apakuki

Sakiusa ya sake tuttula ruwa a bakin lagireton babur ɗinsa, ruwan ya sake tsiyayowa ta ƙasa ya jiƙa masa yatsun ƙafa. Ya durƙusa da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ya leƙa. Huji ne a tsakiya wanda yatsa biyu za su shige, an cusa masa sabulun wanki an danne da tsumma. Sabulu fa! Wato wanda ya yi ɓarnar ya gan ta sarai, ya yi dabararsa ta banza, ya turo babur ɗin ya jingine a gindin mangwaro, ya yi gaba abinsa ko sallama babu.

"Ka gama yi masa wankan?" matarsa Akanisi ta tambaya daga bakin kicin, tana feraye gwaza.

"Ki ƙyale ni, Akanisi."

"Ni na taɓa ka? Jiya da ɗan yayarka ya zare makulli daga jikin ƙusa, ba kai ka ce masa a dawo lafiya ba, har da murmushi?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi masa zafi. Ilaitia ɗan yayarsa Salote ne, wato vasu ɗinsa, kuma a al'adarsu duk abin da vasu ya ɗora wa hannu a gidan kawunsa ya zama nasa, ba a hanawa, ba a ko ɓata fuska. Ƙato ne mai 'ya'ya uku, amma ya ɗauki babur ɗin mutane ya shiga daji bin aladu, kututture ya tsire lagireton. A bara adda ya ɗauka, kafin ita komar kamun kifi, kafin ita rediyo. Sakiusa ya haɗiye duka. Wannan kuwa ta tsaya masa a wuya.

Gonarsa ta yaqona, shukar nan mai tsada da ake daka saiwarta a jiƙa a sha, tana can kan dutse. Shekara biyar yana renonta, yanzu saiwar ta ƙosa, kuma da ita zai sake rufin gidan da guguwa ta yaye. Makon jiya ɓarayi suka tumbuke ta maƙwabcinsa kaf, suka bar masa ramuka. Abin da ke tsare gonar mutum a can shi ne a riƙa jin rurin babur ɗinsa yana hawa safe da yamma. Da wannan gwiwar, ko rabin hanya ba zai kai a ƙafa ba.

Ya kwance lagireton, ya naɗe shi a buhu, ya soka sifana a aljihu, ya tari bas zuwa garin Naqara.

Dharmend bakanike ya ɗaga lagireton sama, ya hango Sakiusa ta cikin hujin, ya shinshina.

"Ƙamshi kam ya yi. Wa ya yi maka wannan aikin, Saki?"

"Liƙe shi kawai."

"In liƙe me? Bututu huɗu sun tafi. In na toshe su, kafin ka kai gadar farko inji ya dahu, ka dawo kana zagina. Sabo za a aiko daga birnin Suva, sai jirgin ruwa ya ga dama. Ka ba shi sati uku."

"Sati uku? Ɓarayi su bar mini ko ganye?"

"To ni na huda shi? Ku da al'adarku. Ni ɗan ƙanwata ya taɓa mini sifana, sai ya ji a jikinsa." Ya goge hannu da tsumma, ya ɗan yi tunani. "Irin babur ɗinka biyu ne a tsibirin nan. Ɗayan na tsohon nan ne na Vuna, Apakuki, wanda ke goge shi kullum kamar farantin baƙi. Ai ka san shi."

Ya san shi mana. Ƙanin mahaifiyarsa ne.

A cikin bas Sakiusa ya zauna kusa da taga yana tafasa. Wace irin al'ada ce wannan, a yi maka fashi da rana tsaka, kai kuma ka ce na gode? Shi tunda yake bai taɓa ɗaukar ko cokali a gidan kawunsa ba, kuma yana alfahari da hakan, ya sha faɗa a wurin shan yaqona har ana yi masa dariya. Matar da ke kusa da shi ta ji yana ƙunƙuni, ta janye kwandon kajinta. Da bas ta iso mahaɗar ƙauyensu yaron mota ya buga ƙarfe, ya waiwayo shi. Sakiusa ya kau da kai, bas ta wuce da shi kudu, hanyar Vuna.

Ya tarar da Kawu Apakuki zaune kan tabarma a baranda, ya miƙe ƙafa ɗaya da aka naɗe da bandeji. Ga babur ɗin a gefe ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe shi da tsohon zani.

"Wa nake gani haka? Ɗan Mereoni? Yau ka tuna kana da kawu?" Tsohon ya washe baki. "Unaisi, ɗora shayi, vasu ya zo."

Sakiusa ya zauna ƙasa, suka gaisa, aka tambayi Akanisi, aka tambayi gwiwa. Bai zo da ko ƙullin saiwar yaqona na gaisuwa ba, kuma ba wanda ya sa ran zai kawo, vasu ba ya roƙo. Yana gyara zama sifanar ta zame daga aljihunsa ta faɗi kan katako. Tsohon ya dube ta, ya dubi buhun da bakin lagireto ya leƙo daga ciki, ya dubi rumfa. Murmushin bai bar fuskarsa ba, sai dai ya daina kaiwa ido.

"Naka ne ai," ya ce. "Yaye zanin."

"Kawu, aro ne. Sati uku kacal, da sabon ya iso..."

"Ka taɓa jin vasu ya yi aro? Kada ka zage ni a gidana."

Unaisi, matar kawun, ta fito da butar shayi, ta tsaya cak. Ta buɗe baki, mijin ya ɗaga mata yatsa ɗaya. Ta dire butar da ƙarfi har murfin ya yi tsalle, ta koma ciki, aka ji tukwane suna amsa laifin da ba nasu ba.

Sakiusa ya durƙusa gaban babur ɗin, kunya da haushi suna cin sa, ya rasa ma haushin wa yake ji. Notin farko ya ƙi motsi, babur ɗin yana rawa. Sai ya ji an dafa sirdin. Tsohon ne ya ɗingiso ya riƙe masa.

"Juya yanzu. Tara kwano a ƙasa, ruwan sabo ne, kada ya zube a banza."

Noti ya saki. Koren ruwa ya fara zuba cikin kwano.

"Ranar Talata nake zuwa asibitin Waiyevo wankin ƙafar nan," tsohon ya ce a hankali, kamar da rumfar yake magana. "Bas ba ta bi ta nan da sassafe. Amma zan san yadda na yi."

Sakiusa bai ɗago kai ba. Ya tuna ramukan gonar maƙwabcinsa, ya goge gumi da kafaɗa, ya ɗora sifana a kan noti na biyu.