Naƙudar Guguwa

Karo na uku ke nan Habu yana kiran likitan dabbobi tun bayan sallar asuba.

"Likita, yanzu kuma tonon ƙasa take yi a ƙarƙashin rumbu. Ta ƙi cin tuwo. Haki take kamar ta bi zomo."

"Malam Habu," in ji Likita Sadiq daga Tudun Wada, "na gaya maka haka farkon naƙudar karya yake. Tana iya wuni a haka. Ka bar ta ta huta, ni ma ka bar ni."

Guguwa ce kaɗai karyar farautar da ta rage wa Habu, kuma wannan ne cikinta na fari. Duk Burumburum an san in ta mutu, farautarsa ta mutu.

Matarsa Mubaraka tana ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa. Shekara uku karyar nan tana gidan, ko da ɗan yatsa ba ta taɓa shafa ta ba. Kwanon da ta lasa ma sai ya sha wanki bakwai.

"Baban Imran, ka zauna mana. Ka tsaya mata a ka kamar ɗan sanda."

"Ke ba ki san abin da ake ciki ba."

"Haka ne," ta ce. "Takwas kawai na haifa."

Da hantsi ɗan fari ya fito. Habu ya kira ya ce an haifi wani abu a cikin leda. Likita ya ce uwar za ta yaga da kanta. Kafin ya ajiye wayar ta yaga, tana lasar ɗan. Ba a jima ba ya sake kira, wai ta fara cinye su.

"Mabiyiya take ci, Malam Habu. Ƙirga ƴaƴan."

Ya ƙirga. Ɗaya ne, yana nan.

Kafin azahar sun zama uku, sun jeru suna shan nono. Guguwa ta miƙe ƙafa ta yi lamo kusan awa guda. Hankalin Habu ya kwanta, har ya fita ƙofar gida yana koya wa maƙwabta yadda haihuwar karnuka take. "Abin ba ya son gaggawa," yake ce musu. "Wanda bai sani ba ne yake rikicewa."

Mubaraka ce ta ji sauyin. Lokacin da ta zuba shinkafa a tukunya karyar ta soma nishi, mai ƙarfi, daga can ciki. Ta yi jajjage, nishin bai tsaya ba. Ta sauke tukunya, har yanzu shi ne. Ta je ta durƙusa nesa kaɗan da rumbun ta leƙa. Wani ɗan wutsiya ya leƙo ya tsaya, ba gaba ba baya.

Ta ƙwala wa Habu kira daga zaure.

"Likita ya ce a bar ta," in ji Habu, yana shigowa da takun masana.

"Ɗazu hutawa take yi. Yanzu aiki take yi, abin ya ƙi."

Ya leƙa. Nan take ilimin da ya gama rabawa a waje ya watse. Ya kai hannu zai ja wutsiyar.

"Kul. Ka ja, ka yaga ta."

Ya kira likita. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya sake, ya kuma sakewa. Babu wanda ya ɗauka.

Mubaraka ta kwance wayarta daga bakin zane, ta ce ya karanto mata lambar. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Likita. Daga gidan mai karyar nan ne, don Allah kada ka kashe. Ta haifi uku lafiya. Na huɗu ya taho ta baya ya maƙale. Tun da na ɗora shinkafa take nishi, ga shi na sauke. Cikin bai sace ba, akwai saura. Ta fara gajiya."

"Ya wuce rabin awa ke nan. Jini fa?"

"Kaɗan. Ba mai tsoratarwa ba."

"Ku kawo ta shago yanzu, har ƴaƴan. Kada kowa ya ja. Hajiya, a asibiti kike aiki?"

"A'a. Ko ƙofarsa ban taɓa kwana ba."

Habu ya tayar da babur, sannan ya tsaya. Hannu biyu gare shi, duka na tuƙi ne. Yara suna makaranta. Maƙwabtan da suka sha karatu ɗazu, kowa ya tuna bai yi alwala ba.

Mubaraka ta dubi karyar, ta dubi mijinta. Ta shiga ɗaki ta sako hijabin da ya fi kowanne tsufa, ta shimfiɗa buhu a babban daron wanki.

"Sa ta a ciki. Kanta ya kalli can."

A shagon, Likita Sadiq ya sa safar hannu, ya shafa mai, ya jira nishi ya zo sannan ya juya ɗan a hankali. Ya fito ba motsi. Ya share masa baki ya dinga murza shi da tsumma har ya yi ƴar tsuwa. Bayan kwatan awa, na biyar ya biyo da kansa. Habu bai ga ko ɗaya ba, yana waje ya dafa bango.

"Da kun ƙara awa biyu, da wani zancen ake," in ji likita. "Gobe in da wani abu, Hajiya ta kira."

Suka kamo hanyar gida bayan la'asar, daron a cinyar Mubaraka. Habu yana kauce wa kowane rami, yana sauke ƙafa a kowane tudu, har wani mai keke ya wuce su. Lokaci lokaci ya waiwayo.

"Ba ta jijjiga ba ko?"

"Ba ta jijjiga ba."

Shekara ashirin da biyu yana goya ta a babur, sai yau ta san yana iya tafiya a hankali. Ta gyara riƙon daron, ta jingina da bayansa.