Gwangwani Mai Jan Ƙyalle

Cinyar aladen da Verna ta sauko da ita daga ɗakin banda a makon Kirsimeti, ita ce ta ƙarshe da hannun mijinta Odell ya taɓa. Shi ya murje ta da gishiri, ya yi mata hayaƙi, ya ɗaure ta a buhun yadi ya rataye, sannan ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Shekara ta zagayo ta sake zagayowa tana nan rataye, har ta yi funfuna, kamar yadda duk cinyar kirki take yi a tuddan Kentucky. Verna ta goge ta tas da buroshi, ta jiƙa ta a baho, tana sauya ruwan safe da yamma ba ta taɓa tsallakewa ba. Duk sauyin da ta yi sai ta faɗa da ƙarfi, ko da yake ba kowa a gidan sai ita. So take bangon ma ya shaida.

Dalili kuwa, a lokacin kaka ta ɗora tukunya a wuta ta fita ba kaji hatsi, kajin da aka sayar tun bara. Labulen kicin ya kama, maƙwabci ne ya hango hayaƙi ya zo ya kashe. Tun daga ranar 'ya'yanta biyu, Dewey da ƙanwarsa Marlene, suka fara yi mata wata irin magana mai laushi da ba ta san su da ita ba. Sun je sun duba gidan kula da tsofaffi a cikin gari, suna zaton ba ta sani ba. Mutum ya tsufa sai a ɗauka kunnensa ma ya mutu. Da kunnenta ta ji Marlene tana cewa a waya, "Mu ga yadda za ta yi Kirsimeti tukuna." Saboda haka Verna ta san abin da za a ɗora a teburin nan ba nama ba ne kawai. Idan cinyar ta fito kamar kullum, za ta ci gaba da kwana a gadonta. Idan ta kuskure, sai wancan gida mai warin magani.

Ranar Kirsimeti da hantsi cinyar ta gama dahuwa. Ta ɗaye fatar tun da zafinta, ta bar kitsen, ta tsattsaga shi da wuƙa gida-gida, ta soka kanumfari a kowane gida. Marlene na tsaye a bakin ƙofa, wai goge kofuna take yi, alhali kofi ɗaya ne a hannunta tun ɗazu.

"Mama, in kama miki wani abu?"

"Kama bakinki. Ni na koya miki riƙe cokali."

"Tambaya ce kawai."

"To na amsa. Je ki ga ɗan'uwanki, kada ya cinye min burodi kafin a zauna."

Daga falo Dewey ya ɗaga murya. Ƙato ne, direban babbar mota, furfura ta fara cin gemunsa, amma bakinsa na nan yadda yake tun yana yaro.

"Mama, bana ma alewar za ki yi mana? Ki faɗa min tun da wuri in kira mai cire haƙori."

"Wanda ba ya so ya ci kabeji."

"Kabejin ma zuba masa sukari kike."

Ta yi dariya, ta farko a ranar. Wannan faɗan nasu ya girmi auren Dewey. Kowace shekara sai ya kai loma ta farko, ya yamutsa fuska ya ce, "Nama ne wannan ko alewa?" ita kuma ta make shi da tsumman kicin, sannan ya cinye rabin cinyar. Ba a taɓa yin Kirsimeti a gidan ba tare da wannan ba, ko shekarar da aka binne Odell.

Saura haɗin shafawa, wanda shi ne mutuncin cinya. Naman da ya shekara cikin gishiri ba abin da yake nema sai zaƙi: zumar takanda, jan sukari, garin mastad mai ɗan yaji, da ɗan ruwan khal don ya tsinka zaƙin. Gishiri kuwa ko ƙwaya ɗaya ba a sawa, wannan ko yarinya ta sani. Verna ta zuba zumar a ƙaramar tukunya, ta rage wuta, ta buɗe kabad don ta ɗauko sukari. Nan ta tsaya.

Gwangwani biyu ne a jere, iri ɗaya, tsofaffin gwangwanayen kitse masu marikin waya. Ɗaya nata ne, na jan sukari. Ɗayan na Odell ne, haɗinsa na murje nama: gishiri mai yawa, da jan sukari da barkono daidai yadda zai yi launi. A ɗakin banda yake zaune shekara da shekaru, sai lokacin murje nama Odell yake shigo da shi kicin. Bayan rasuwarsa ne ta dawo da shi kicin gaba ɗaya, don ludayin katakon da ke ciki ya lotsa daidai inda babban yatsansa yake zama, kuma ba ta iya barinsa a waje cikin sanyi ba. A ido ba ka bambanta su. Shi ya sa aka ɗaura wa ɗaya jan ƙyalle a mariki.

Amma wanne?

Ta san an ɗaura. Tana iya ganin hannun da ya ɗaura, har ƙullin. Abin da ya ɓace mata shi ne ko jan na nufin nata ne, ko kuwa na nufin kada ki taɓa. Ta buɗe duka biyun. Ludayin da zai raba gardama ba ya cikin ko ɗaya, ta tuna ta ɗauke shi ta ajiye wani wuri don kada ya ɓata, wurin kuma ya tafi inda sauran abubuwa suke tafiya. Ta dangwala yatsa ta kai baki. Ba komai, kamar ta lasa yashi. Tun zazzaɓin da ta yi a hunturun bara harshenta ya mutu, ba ta gaya wa kowa ba. Da can ma Odell ne mai ɗanɗana mata. Sai ta miƙa masa cokali ta bayan kafaɗa ba tare da ta juyo ba, ya ce a ƙara ko ya isa.

Tsoro ya kama ta. Marlene na nan kusa, kira ɗaya ne. Abin da za ta ce kawai shi ne, zo ki ɗanɗana min wannan. Shi ke nan. Amma yaya za ta tambayi 'yar da ta zo ƙirga kurakuranta wanne ne sukari a kicin ɗinta? Tambayar kanta ita ce amsar da suke jira.

"Mama, lafiya?" in ji Marlene daga ƙofa.

"Lafiya lau. Tunanin ubanku nake."

Ja launinta ne, kowa ya sani. Rigar aurenta ma da jan ɗinki a wuya. Ta ɗauki mai jan ƙyallen, ta ɗebo da hannu cike, ta ƙara, ta juya. Haɗin ya ƙi narkewa yadda ta saba, yana ƙaras-ƙaras a gindin tukunya. Wani abu a ranta ya ce mata tsaya. Ta ce sanyi ne ya sa sukarin ya yi tauri, ta ƙara zuma, ta shafe cinyar da shi lungu-lungu, ta mayar da ita murhun gashi. Da ta fito da ita ta yi ja tana sheƙi, ƙamshin kanumfari ya cika gidan. Marlene ta ce kamar a hoto. Verna ta ji ƙirjinta ya saki.

Suka zauna su uku, kujerar Odell na nan ba wanda ya ja ta. Dewey ya yi addu'a a gurguje kamar yadda ya saba, ya yanka sirara-sirara, kowane yanki da ɓawon shafin a gefensa. Verna ta ɗora tsumman kicin a cinyarta, ta riƙe gefensa, tana jira.

Dewey ya kai loma. Ya tauna sau ɗaya ya tsaya. Bai dubi uwarsa ba, ƙanwarsa ya duba. Marlene ta riga ta kai tata, ta sunkuyar da kai tana gyara wuƙa da cokali a gefen faranti. Ya haɗiye, ya ɗauki kofin shayi mai ƙanƙara ya shanye rabi.

"Ya yi daɗi, Mama," ya ce.

Ta jira sauran. Bai zo ba.

"Ba ka ce alewa ba ce."

"A'a. Bana ya yi daidai."

"Ƙwarai kuwa," in ji Marlene. "Daidai ya yi."

A nan ta gane. Ba harshe take bukata ba. Yaron da bai taɓa raga mata ba tun yana cikin wando guntu, yau ya raga mata. Haka ake yi wa marar lafiya, haka aka yi wa Odell a watansa na ƙarshe, kowa ya bi shi da to, to, ko ya ce rana ta fito daga yamma. Jan ƙyallen na Odell ne. Yanzu da ba shi da amfani abin ya dawo mata sarai: shi ya yago shi daga tsohuwar rigarsa ta farauta, ya ce don kada wata rana ki zuba mana a shayi.

Baƙin ciki ya taso mata, ya zo da fushi. Ta ja farantin naman gabanta, ta yanko wani yanki mai kauri daga sama, inda shafin ya fi taruwa, ta ɗora wa Dewey.

"Tunda ya yi daɗi, ƙara."

"Mama," in ji Marlene.

"Ba da ke nake ba."

So take ya ture farantin. So take ya ce, tsohuwa, kin kashe mu da gishiri, kin lalata cinyar Baba, me ya same ki? Da ya faɗi haka da ta make shi da tsumma, su yi dariya, ta soya musu ƙwai, kuskure ya zama kuskure irin na kowa. Ta zuba masa ido tana roƙonsa a zuci ya zage ta.

Dewey ya ɗauki wuƙa ya yanka. Ya ci. Ya sake yanka ya ci, a hankali, jijiyar wuyansa na motsi, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ruwa na taruwa a cikinsu. Ko gishirin ne ko ba shi ba, bai ɗaga kai ba. Da ya kusa cinyewa ta miƙa hannu ta janye farantin.

"Ya isa haka."

Ta ɗauki tsumman daga cinyarta, ta ninke shi biyu, ta sake ninkewa, ta ajiye a kan tebur kusa da hannunsa.

"Ɗakin da kuka je kuka gani," ta ce, "yana da taga?"

Marlene ta rufe baki da hannu. Dewey ya daɗe yana kallon tsumman.

"Yana da ita, Mama," ya ce. "Babba ce."